Wurin da Aka Tayar da Dabo

Idan ka shiga zauren marigayi Malam Iliyasu a ƙauyenmu, nan cikin ƙasar Surko, lokacin karatun bayan la'asar, za ka ga wani fili daidai faɗin buzu ɗaya a gaban malam, babu kowa a kai. Ko zaure ya cika har wasu na leƙowa ta ƙofa, mutanen gari ba sa taɓa shi. Wurin Dabo ne, kuma shekara goma ke nan rabon da Dabo ya zauna a kansa.

Ni ne Maikano, taubashinsa. Gwaggonsa ce ta haife ni, don haka tun muna yara nake da lasisin tsokanarsa, kuma na more shi. Dabo manomi ne mai shanun huɗa, ba malami ba, ba mai kuɗi ba. Karatun allonsa bai wuce izu biyar ba babansa ya cire shi ya tura shi bayan shanu. Mutumin kirki ne, ba ya cin na kowa, in ya yi maka huɗa kuwa layi zai fita sambal har ƙarshen gona. Aibinsa ɗaya: riƙo. Na taɓa cinye masa goruba muna 'yan shekara tara, bai ce komai ba sai ranar sunan ɗana na fari, ya ɗauke tsokar da ke gabana ya ce, "Ta gorubata ce."

Yana da kusan shekara talatin wani bijiminsa ya tunkuye shi ya maka shi da kututture. Ya tashi, amma ƙugunsa bai koma daidai ba, kunnensa ɗaya ya mutu, ɗayan ma sai an matso. Tun daga nan ba ya iya zama a ƙasa sai ya kai hannun hagu bayansa ya dogara a kai. Da Malam Iliyasu ya lura Dabo na zuwa karatu kullum amma ba ya jin komai, sai ya ce ya dawo gabansa dab da gwiwarsa. A lokacin masu zuwa ba su fi bakwai ba. Da shekaru suka ja, mutane suka ƙaru suka kewaye zauren, sai Dabo ya zama kamar shi kaɗai ne a tsakiya. Shekara ashirin yana nan, babu wanda ya taɓa ganin laifin haka.

Sai ga Khuzaima, ɗan ƙanen Malam, ya dawo daga karatu a Kano. Yaro ne mai ƙoƙari, ba zan yi masa ƙarya ba, Larabci a bakinsa kamar ruwa. Amma sabon ilmi yana da ƙaiƙayi, kuma nasa ya yi masa yawa. A sati biyu ya gyara mana alwala, ya gyara mana sahu, har yadda muke atishawa sai da ya samu abin cewa. Idon Malam ya fara rauni a lokacin, sai ya ce Khuzaima ya riƙa ja masa baƙi, wato ya karanto Larabcin, shi kuma ya fassara.

Ranar farko da Khuzaima zai fara, zaure ya cika saboda kowa na son jin ɗan Kano. Ya shigo da littafi a hammata, ya tsaya a kan Dabo, ya dube shi sama da ƙasa.

"Baba Dabo, ka san irin zaman da kake yi kuwa?"

Dabo ya karkato kunnensa mai ji. "Na'am?"

Sai Khuzaima ya ɗaga murya, har na bakin ƙofa suka ji. "Na ce wannan dogara hannun hagu a baya, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce zaman waɗanda aka yi fushi da su ne! Kuma ya zo a hadisi, an la'anci wanda ya zauna a tsakiyar majalisa! Ka haɗa biyu, Baba. Tashi, ka tsira da kanka."

Malam Iliyasu bai tsawata wa yaron ba. Mutum ne mai tsoron Allah, fiƙihu ya sani, hadisi ba fanninsa ba ne, kuma da ya ji an ambaci Annabi sai ya kasa cewa uffan. Dabo ya yunƙura zai tashi, ƙugun ya ƙi, ya koma daɓas, hularsa ta faɗi. Aka yi dariya. Ni ma na yi, kuma tawa ta fi ta kowa ƙarfi, don na ɗauka wasan taubasai ne zan samu na sati guda. Har na ɗan matsa gefe don Khuzaima ya samu hanyar wucewa.

Dabo ya tashi a karo na biyu, ya ɗauki hularsa ya kaɗe. Kafin ya kai ƙofa Khuzaima ya shimfiɗa buzunsa a daidai wurin ya zauna, wai mai jan baƙi dole ya kusanci malam. Dabo ya waiwayo ya ga haka. Ya daɗe yana kallo, sannan ya sa takalmansa ya fita.

Ba a kwana uku ba suna ya bi shi: Dabo Tsakiya. Wasu marasa kunya kuma a bayan idonsa suka riƙa cewa la'ananne. Matarsa Batulu ta je gidan suna aka riƙa matsawa daga kusa da ita da wasa, wasan da ya sa ta dawo gida tana kuka. Da damina ta faɗi, wani mutum da Dabo ya yi wa huɗa shekara goma ya aiko cewa bana ya samu wani, wai ba ya son a taɓa masa albarkar gona. Har yau in na tuna wannan mutumin sai raina ya ɓaci, shi da ko Fatiha ba ya kai ta ƙarshe lafiya.

Dabo ya daina shiga zauren. Zai yi sallah a masallaci ya wuce gida. Na je na same shi yana ɗaure wa shanu harawa, na ce, "Haba ɗan kawu, yaro ne fa, ka bar shi da Allah."

Ya ce, "Maikano, in wurin na la'ana ne, me ya sa ya zauna a kai?"

Na sunkuya ina taya shi tattara harawar.

Ya ce, "Da hadisi ya tashe ni, da hadisi zan tashe shi. Ya ci tuwo da ni, miya ya sha."

Na yi dariya na ce da izu biyar ɗin? Na ce in dai ingancin hadisi yake son sani, ai yanzu yara a waya suke dubawa, minti biyu an gama. Ya harare ni. Ya ce shi ba zai tsaya gaban jama'a ya ce waya ce ta faɗa masa ba. Yana son in an tambaye shi daga ina, ya ce daga bakin malam wane, shi kuma daga bakin wane. An ba shi labarin wani Malam Aminullahi a Basirka wanda ya san maruwaita hadisi kamar yadda Dabo ya san shanunsa, ya san wanda ya ji daga wane, da wanda bai ji ba. Sannan ya dubi babur ɗina ya ce, "Kai za ka riƙa kai ni. Ta dariyarka ce."

Haka muka fara, duk Asabar in an gama girbi, har zuwa faɗuwar ruwa. Mu fita da sassafe mu bi hanyar Gwaram, shi a baya ya karkace saboda ƙugu, duk ramin da muka faɗa sai na ji ya cije haƙora. Bai taɓa cewa mu koma ba. Rani huɗu muka yi a kan hanyar nan, na canja taya uku.

Malam Aminullahi ɗan tsamurmurin tsoho ne mai ɗinkin hula a ƙofar gida, in ba a faɗa maka ba ba za ka ce ya san komai ba. Ya saurari Dabo har ƙarshe, ya ce, "To, ba zan ba ka amsa a tsaye ba. Babin ladubban zama za mu ɗauko tun daga farko." Sai ya jawo shi jikinsa ya riƙa yi masa karatu cikin kunne da ƙarfi, har maƙwabta suka haddace.

Abin da Dabo ya fara samu bai yi masa daɗi ba. Malam ya ce hadisin dogara hannun hagu a baya, yawancin masana sun inganta shi, yaron bai yi ƙarya ba a nan. Amma ya ce mai lalura irin Dabo yana da uzuri, babu komai a kansa. Na ɗauka zai ji sanyi. Ina! Muna hanyar dawowa yana ta huci a bayana, ya ce ba ya son uzuri, uzuri ƙofa ce da Khuzaima zai bi ya fita. Washegari ya sari icen marke ya sassaƙa ɗan majingini mai ƙafa biyu, ya yi wata uku yana koyon zama da shi, hannayensa a kan gwiwa, zufa na karyo masa saboda zafi. Batulu ta ce min har cin tuwo a kansa yake yi yana zagin ƙugun nasa.

A rani na biyu aka zo kan hadisin la'ana. Malam Aminullahi ya ce masana sun saɓa a kansa, akwai waɗanda suka karɓa, amma da yawa sun raunana shi, domin mutumin da ya ruwaito shi daga sahabi bai ji daga bakin sahabin ba, sarƙar ta tsinke a nan. Ya ce ko waɗanda suka karɓa, sun fassara shi da mai tsallake wuyan mutane ya je ya tare musu fuska, ko mai zama a tsakiya don ya ba da dariya, ba kurman da malaminsa ya jawo kusa ba. Dabo ya sa aka maimaita masa sau uku. Sannan Malam ya karanta masa wani hadisin da ya ce babu saɓani a ingancinsa: kada mutum ya tayar da ɗan'uwansa daga mazauninsa sannan ya zauna a wurin, sai dai a matsa a buɗa wa juna. Ban taɓa ganin haƙoran Dabo gaba ɗaya ba sai ranar.

Malam ya ga murmushin, ya ajiye allurarsa ya ce, "Dabo, ilmin da aka nema don a kunyata wani ba ya yi wa mai shi daɗi gobe kiyama."

Dabo ya ce, "Allah gafarta Malam, in na gama zan tuba."

Na ce masa to ai ka samu makami, mu je gobe a yi ta ta ƙare. Ya ce a'a. Zai haddace Larabcin da sunayen maruwaita ɗaya bayan ɗaya, don kada yaron ya ce fassara ya ji. Kuma littafin da Khuzaima ke jan baƙinsa babba ne, in an kammala za a yi walima a gayyaci mutanen Unguwar Ya da malaman Birnin Kudu. A gaban mutum arba'in aka tashe shi, shi a gaban ɗari uku yake so. Wata Asabar a ranin ƙarshe na tafi yi wa taya faci na bar su, da na dawo na tarar Dabo ya fito shiru, bai ce min komai ba har gida. Na ɗauka ƙugun ne.

Ranar walima ta zo. An yi shimfiɗa har waje, an kafa rumfa, baƙi sun zo da manyan riguna. Malam Iliyasu ya riga ya makance, yana zaune a wurinsa, Khuzaima a gabansa a kan buzun nan, ya ƙara jiki, gemu ya cika. Sai da aka karanta shafin ƙarshe aka ce ko akwai mai tambaya, sannan Dabo ya bayyana a bakin ƙofa da majingininsa a hannu. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har cikin ƙashina.

Ya yi sallama, ya ce, "Allah gafarta Malam, ina da tambaya ga mai jan baƙi." Ya juya. "Malam Khuzaima, shekara huɗu da suka wuce ka ce an la'anci mai zama a tsakiyar majalisa. Wa ya ruwaito?"

Khuzaima ya yi murmushi ya faɗi sunan sahabin.

"Wa ya ji daga gare shi?"

"Yana cikin littafi, Baba."

"Na san yana cikin littafi. Wa ya ji daga bakinsa?"

Khuzaima ya fara shafa gemu. Sai Dabo ya karanto hadisin da Larabcinsa na mai shanu, mai kauri, amma babu harafin da ya faɗi. Ya jero maruwaitan, da ya zo wurin da sarƙar ta tsinke ya tsaya, ya ce wannan bai ji daga wannan ba, masana da yawa sun ce mai rauni ne, waɗanda suka karɓa ma ga yadda suka fassara shi. Ya ce, "Na ji wannan daga bakin Malam Aminullahi na Basirka. Akwai malamai a nan, in na yi ƙarya a tsayar da ni." Wani dattijo cikin baƙin Birnin Kudu ya gyaɗa kai ya ce, "Haka yake, Malam."

Malam! Dabo Tsakiya aka ce wa Malam. Na nemi mutumin nan mai albarkar gona da ido, na same shi yana wasa da zaren tabarma.

Dabo ya ɗaga majingininsa sama. "Na hannun hagu kuwa ka yi gaskiya, ga shi na gyara. Saura naka." Sai ya karanto hadisin hana tayar da mutum a zauna a wurinsa. Ya ce, "Wannan babu mai saɓani a kansa. Da mai rauni ka tashe ni ka sa mini la'ana, ka take ingantacce ka zauna a kai shekara huɗu. Ko ba a kai ku wannan babin ba a Kano?"

Malam Iliyasu ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa. Khuzaima ya miƙe ya janye buzunsa. Ya ce, "Baba Dabo, na yi kuskure. Ga wurinka. Don Allah ka yafe mini."

Na ce a raina shi ke nan, taya uku ba su tafi a banza ba. Amma Dabo bai motsa ba.

Ya ce, "Sahabin da ya ruwaito hadisin nan, in mutum ya tashi ya ba shi wuri, ba ya zama a kai. Wannan ma ingantacce ne. Ni ba zan zauna ba." A nan na gane abin da ya sa shi shiru waccan Asabar. Ya ci gaba, "Yafiya kuwa, shekara huɗu na yi ina neman amsarka. Ka ba ni huɗu in nemo ta."

Khuzaima ya kasa komawa ya zauna, ya kasa fita. A tsaye ya yi addu'ar rufewa, a tsaye aka raba masa waina. Ni kuwa na yi maza na matsa na buɗa wa Dabo wuri kusa da ni, na ce, "Zo nan, ɗan kawu." Ya dube ni ya ce, "Ranar nan ma ka matsa, amma ba ni ka matsa wa ba." Ya koma inda majalisa ta ƙare, can bakin ƙofa wajen takalma, ya kafa majingininsa ya zauna.

A nan ya ci gaba da zama kullum. Sunan Tsakiya ya mutu, masu neman huɗa suka dawo har ya riƙa zaɓa, ya kuma ƙi mutumin nan sau uku. Amma daga bakin ƙofa Dabo ba ya jin ko kalma ɗaya ta karatu. Na yi masa magana, Malam Iliyasu kafin rasuwarsa ya roƙe shi, an ce masa ai wurin nasa ne tun asali, babu laifi ya koma. Ya ƙi. Ya gwammace ya zauna yana kallon Khuzaima, wanda ya gaji zauren, yana fassara da wannan fili a gabansa. In mun fito sai ya kama hannuna ya ce, "Me aka karanta yau?" Ni kuma in faɗa masa cikin kunne, rabi daidai rabi kame-kame.

Saura wata uku shekara huɗun su cika ciwo ya kwantar da shi. Khuzaima ya zo dubiya ina wurin. Ɗakin ƙarami ne, tabarma ɗaya ce, Dabo na kwance a kanta, ni ina kan turmi. Na yunƙura zan tashi in ba shi wuri, Dabo ya harare ni, na koma. Khuzaima ya yi gaisuwa ya tsaya a bakin ƙofa, hannayensa a baya. Dabo ya bar shi a tsaye har aka kira la'asar aka idar. Sannan ya cije leɓe, ya ja wannan karyayyen ƙugu nasa zuwa jikin bango, a hankali, yana nishi, har tabarma ta buɗe kamar taki biyu. Khuzaima ya durƙusa ya zauna a wurin yana kuka.

Kwana tara bayan haka muka kai Dabo makwancinsa. Khuzaima har yau yana cewa wannan matsawar ita ce yafiyar, kuma ban taɓa musa masa ba. Amma ni na san taubashina, kuma ni ne na fi kusa da bakinsa a ranar. Da yaron ya zauna, Dabo ya juyo da kai ya dube shi, ya ce, "Ka gani? Haka ake yi."